Ƙuraje iri uku a al'aurar mutum ɗaya: nazarin wani lamari daga Jihar Kebbi

Asalin lamarin

Mutumin ɗan kasuwar albasa ne, shekararsa 34, yana zaune a wani ƙauye tsakanin Aliero da Jega. Matansa biyu, 'ya'ya huɗu. Daga ƙarshen shekara zuwa bazara yana sarin albasa a hannun manoma ya bi mota da ita zuwa kudu, wani lokaci ya yi mako biyu ko uku bai kwana gida ba. Ba shi da hawan jini ko ciwon suga, ba a taɓa kwantar da shi a asibiti ba. Wanzami ya yi masa kaciya tun yana yaro, tare da sa'o'insa. Labarin nan na yadda ya kamu da tunjere ne, cutar da ake ɗauka ta hanyar saduwa, ya yi watanni ba a gane ta ba; da izininsa ake ba da shi, an kuma cire duk abin da zai sa a gane shi.

Tun yana ɗan shekara 19 ko 20 ya lura da wasu ƙananan ƙuraje a kewayen bakin kan azzakarinsa. A jere suke layi biyu, kowanne bai kai ƙwayar gero ba, masu santsi, launinsu ya ɗan fi fatar wurin haske. Ba sa ciwo, ba sa ƙaiƙayi, ba sa fitar da ruwa, ba su taɓa ƙaruwa ba. Da su ya yi auren fari, da su ya ƙara aure, babu matar da ta yi ƙorafin wani abu. Fiye da shekara goma bai ɗauke su a bakin komai ba.

Nuwamba zuwa Disamba 2023: maganin sanyi

Wata ranar kasuwa ya tsaya sauraron mai magani da lasifika a bayan mota. Mai maganin yana lissafa alamomin sanyin mara: ƙuraje a gaba, ciwon baya, kasala, rashin kuzari wajen iyali. Wanda ya wuni yana lodin buhunan albasa ba zai rasa ciwon baya da kasala ba, ga kuma ƙurajen. Nan take ya sha jinin jikinsa. Ya sayi jarkar jiƙo ta lita huɗu da wani gari da aka ce ya kwaɓa da man kaɗanya ya riƙa shafawa safe da dare.

Mako biyu babu abin da ya canja. Sai wani abokin tafiyarsa ya ba shi lambar wani mai magani da ke talla a WhatsApp, aka aiko masa da wani ruwa a ƙaramar kwalba mara rubutu, aka ce ya ɗiga a auduga ya danna a kan ƙurajen. Ruwan ya ƙone wurin. Fatar ta saɓule, ta yi ɓawo, ya yi wajen kwana goma yana tafiya a tale, yana ce wa mutanen gida basur ne ya motsa. Da wurin ya warke sai ya bar tabo mai haske a gefen hagu. Ƙurajen suna nan, in ban da 'yan kaɗan da ƙunar ta cinye tare da fata. A lissafinsa ya kashe kimanin naira 45,000 a waɗannan watanni biyu.

Janairu zuwa Maris 2024: gyambo ɗaya da ba ya zafi

A tsakiyar Janairu, a wata tafiya kudu, ya sadu da wata mace sau ɗaya ba tare da kariya ba. Wannan bai faɗe shi ga kowa ba sai a watan Yuni, a ɗakin duba marasa lafiya, ƙofa a rufe.

A makon farko na Fabrairu wani ƙurji guda ɗaya ya fito a jikin azzakarin, ƙasa kaɗan da bakin kaciya. Ya fara a matsayin ɗan kumburi mai tauri, cikin 'yan kwanaki samansa ya buɗe ya zama gyambo kewayayye, faɗinsa wajen santimita ɗaya. Cikinsa fes, babu mugunya, gefensa da tauri idan an taɓa. Ko kaɗan ba ya zafi. Kaluluwa ta fito masa a matsematsi, ita ma ba ta ciwo. Da yake kusa da inda ya ƙone kansa ne, ya ɗauka tsohon rauni ne ya dawo.

Ya je wani kemis a garin da ke kusa da su, da magariba, mutane biyu na tsaye a bayansa suna jiran a sallame su. Ya rage murya ya ce, "Ƙurji ne ya fito mini a wani wuri." Mai kemis bai tambayi wane wuri ba, bai ce a shiga ciki a duba ba. Ya ƙulla masa magungunan kashe ƙwayoyin cuta, siprofulokzasin na kwana biyar da Flagyl, da man shafawa irin mai haɗi uku da ake bayarwa ga kowane ƙaiƙayi. Ya sha, ya shafa. Gyambon bai tafi a kwana biyar ɗin ba, amma ya riƙa ƙanƙancewa a hankali, zuwa farkon azumi a tsakiyar Maris ya rufe gaba ɗaya. Ya koma ya yi wa mai kemis godiya.

Duk tsawon wannan lokaci yana raba kwana tsakanin matansa yadda ya saba.

Afrilu zuwa Mayu 2024: zazzaɓi da tabo a tafin hannu

Bayan ƙaramar sallah da kamar mako biyu ya fara jin zazzaɓi sama-sama, ciwon kai, ciwon maƙogwaro da mutuwar jiki. Wasu tabo masu duhu suka bazu a ƙirjinsa da bayansa. Lokacin tsananin zafi ne, kowa ya ce ƙurajen zafi ne, duk da cewa waɗannan ba sa ƙaiƙayi. Ya sha maganin maleriya sau biyu. A wani ƙaramin ɗakin gwaji aka yi masa gwajin Widal aka ce taifot ne, gwajin da ya yi suna wajen nuna taifot a jinin wanda ba shi da ita. Aka sake ba shi siprofulokzasin.

A farkon Mayu tabon ya bayyana a tafin hannuwansa da tafin ƙafa, kewayayyu, launin ƙasa-ƙasa, wasu suna ɗan ɓare fata a gefe. Ya ce a kasuwa idan zai karɓi kuɗi sai ya riƙa dunƙule hannu. A ƙarshen watan kuma wasu ƙuraje na daban suka fito a matsematsinsa da ƙarƙashin maraina: masu faɗi, shafaffu, fari-fari, kullum a jiƙe. Su ma ba sa ciwo. Ya koma wa garin nan da man kaɗanya.

30 ga Mayu 2024: awon ciki

Amaryarsa, mai shekara 22, tana da ciki na mako 17. Ranar ta je awo na farko a babban asibitin yankin, inda nake aiki. A cikin gwaje-gwajen awo akwai wanda ake yi da ɗigon jini daga yatsa, ya duba HIV da tunjere a tare, sakamako ya fito cikin minti 20. Layin HIV bai fito ba. Layin tunjere ya fito.

Ita ba ta taɓa ganin gyambo a jikinta ba, kuma ba abin mamaki ba ne: a mace gyambon yakan fito can ciki, a bakin mahaifa, ya zo ya wuce ba ta sani ba. Tunda ba a san tsawon lokacin da ta ɗauka da cutar ba, aka bi ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa ga irin wannan hali: allurar benzatin penisilin, yunit miliyan 2.4, sau ɗaya a mako har mako uku. Ta karɓi ta farko a ranar, ta biyu 6 ga Yuni, ta uku 13 ga Yuni. Ga mai ciki penisilin ne maganin da aka tabbatar yana ratsa mabiyiya ya warkar da ɗan da ke ciki, kuma ana so a yi shi aƙalla kwana 30 kafin haihuwa. Ƙwayar cutar idan aka bar ta tana jawo ɓari, ko haihuwar gawa, ko bakwaini, ko jariri ya zo da cutar a jikinsa.

Ungozomar asibiti ta zaunar da ita ta ce, "Ƙanwata, maganinki ba zai yi amfani ba in maigidan bai zo ba. Kuma kada ya kusance ki sai an yi masa nasa." Ta ba ta takardar gayyata ta kai masa, wadda ba a rubuta sunan cuta a kai ba.

Faɗin wannan magana a asibiti abu ne mai sauƙi, aiwatar da ita a ɗakin miji shi ne aiki. Da ta miƙa masa takardar ya ce shi lafiyarsa ƙalau, taifot ce kawai kuma ya sha magani. Da ta nace ya juya maganar kanta, ya tambaye ta inda ta kwaso abin. Ta yi kuka, ta tattara ta tafi gidan iyayenta da sunan laulayi. Kwana goma sha biyu yana kunnen ƙashi. Wanda ya karya lagonsa yayansa ne, wanda amaryar ta kai wa ƙara ta hannun mahaifiyarta. Yayan bai tsaya binciken wa ya jawo ba. Ya ɗauko babur ya ce, "Hau mu tafi. In babu komi, likita ya faɗa da bakinshi."

12 ga Yuni 2024: ranar da aka duba shi

Wannan ne karo na farko tun farkon lamarin da wani ma'aikacin lafiya ya kalli wurin da idonsa. Yayan ya tsaya a waje. Da aka ce ya nuna abin da ke damunsa, abin da ya fara nunawa shi ne tsofaffin ƙurajen bakin kaciya. "Likita, wanga abu shi ne ya ƙi jin magani." Na matsematsin sai da aka tambaya. Tafin hannun kuwa likita ne ya ce ya buɗe.

Abu uku aka samu a fatar gabansa.

Ƙurajen bakin kaciya halitta ce. Maza da yawa suna da su, sun fi yawa ga marasa kaciya amma masu kaciya ma suna samu. Sukan bayyana bayan balaga, su yi layi ɗaya ko biyu a kewayen kan, duk girmansu kusan ɗaya, milimita ɗaya zuwa biyu. Ba saduwa ke kawo su ba, ba a shafa wa mace, ba sa rikiɗa su zama wani abu, kuma sukan dushe da shekaru. Danginsu a rashin illa su ne 'yan ɗigo-ɗigo farare ko rawaya-rawaya da ake gani a jikin azzakari ko fatar maraina idan an ja fatar, waɗanda matattarar maiƙon fata ne kawai.

Na biyu, ɗan tabo mara zurfi inda gyambon Fabrairu ya zauna. Yadda ya siffanta shi, ɗaya tak, kewayayye, mai taurin gefe, mara zafi, da kaluluwa mara ciwo, mako uku bayan saduwa, siffar matakin farko na tunjere ke nan. Ƙwayar da ke jawo tunjere, Treponema pallidum, takan fitar da wannan gyambo tsakanin kwana 10 zuwa 90 bayan kamuwa, galibi wajen kwana 21, sannan ya rufe da kansa cikin mako uku zuwa shida ko an sha magani ko ba a sha ba. Siprofulokzasin da Flagyl ba sa taɓa wannan ƙwaya.

Na uku, ƙurajen matsematsi masu jiƙa. Waɗannan na mataki na biyu ne, tare da zazzaɓin da tabon tafin hannu, kuma cike suke da ƙwayar cutar, suna cikin abin da ya fi saurin yaɗa ta. A nan likita ya ɗau lokaci, domin suna kama da tsiron da HPV ke haifarwa, wata ƙwayar cuta ta daban da ita ma ake ɗauka ta hanyar saduwa. Shi tsiron HPV, wanda nau'i na 6 da na 11 ke jawo kusan kashi 90 cikin 100 nasa, yakan zama busasshe, mai kaushi, mai tsattsage a sama, ya fito a warwatse ko a dunƙule, girma daban-daban. Shi ma ba ya zafi. Ana cire shi da maganin ɗigawa na asibiti ko daskarewa ko ƙaramin aiki, kuma yakan dawo a watannin farko. Da an ɗauki na wannan mutum a matsayin tsiron HPV an ƙone su, da sun tafi sun bar cutar a jini. Akwai kuma wani iri da aka duba aka ga ba shi ba ne: ƙuraje masu sheƙi, milimita biyu zuwa biyar, kowanne da ɗan rami a tsakiyarsa, waɗanda wata ƙwayar cuta ce daban ke kawo su kuma sukan tafi da kansu cikin watanni.

Gwajin yatsa ya nuna tunjere. Aka ɗebi jini aka yi gwajin RPR, wanda ke auna ƙarfin cutar da lamba, ya ba da 1:32. HIV da ciwon hanta nau'in B ba su fito ba. Bai taɓa samun matsala da penisilin ba. Da yake tarihinsa ya nuna kamuwar ba ta kai shekara ba, allura ɗaya ta isa: yunit miliyan 2.4, aka raba biyu, rabi a kowane ɗuwawu, don ruwan allurar kauri gare shi kuma yana da zafi. Aka gaya masa ya ƙaurace wa iyali na aƙalla kwana bakwai kuma har sai ƙurajen sun bushe. Aka kuma gargaɗe shi cewa zazzaɓi na iya rufe shi a daren.

Ya rufe shi kuwa. Wajen awa shida bayan allurar ya kama rawar sanyi da ciwon gaɓoɓi, tabon jikinsa suka ƙara fitowa. Wannan yana faruwa ne idan ƙwayoyin cutar suka mutu da yawa a lokaci ɗaya, kuma yakan lafa cikin kwana ɗaya. Ya sha farasitamol, da safe ya sauka. Ya ce ba don an faɗa masa ba, da ya ɗauka allurar ce ba ta karɓe shi ba, da kuma ya hana uwargida zuwa.

14 ga Yuni 2024: uwargida

Ita ce ba ta san komai ba. An ba shi zaɓi, ya faɗa mata da kansa ko ya kawo ta a yi bayani a gabansa. Ya zaɓi na biyu. Abin da aka gaya mata gaskiya ne, an tsaya kuma iya abin da lafiyarta ke buƙata: an sami wata cuta a jinin maigida da ake ɗauka ta hanyar kwanciya, tana da magani, dole a duba duk wanda abin ya shafa. Ta kalle shi ta ce, "Malam, ita amarya ta sani?" Ya ce ta sani. Ba ta ƙara cewa komai ba ta miƙa yatsa.

Gwajinta bai nuna cutar ba. Duk da haka aka yi mata allura ɗaya, domin wanda ya sadu da mai tunjere a cikin kwana 90 da suka wuce yana iya ɗauke da ita gwaji bai riga ya nuna ba. Ta yi gardama kaɗan a kan dalilin yi wa mai lafiya allura, aka sake bayani, ta yarda. Kwana biyu bayan nan aka yi babbar sallah, amarya ta dawo ɗakinta bayan sallar.

Yuli zuwa Disamba 2024: bibiya

Ƙurajen matsematsi sun bushe cikin mako biyu. Tabon tafin hannu ya ɗauki fiye da wata kafin ya dushe. A Satumba RPR ɗinsa ya sauko zuwa 1:8, wato ya ragu ninki huɗu, abin da ake nema ke nan a ce magani ya kama. An maimaita gwajin HIV, bai fito ba. Gwajin uwargida ma bai nuna komai ba. A Disamba lambarsa ta koma 1:2. An ja kunnensa cewa gwajin yatsa zai iya ci gaba da nuna layi har ƙarshen rayuwarsa ko da ya warke, don haka kada wani ya sake ɗora shi a kan magani saboda wannan layi kawai, sai an auna lamba. An kuma faɗa masa warkewa ba rigakafi ba ce, ana sake kamuwa.

Amarya ta haihu a asibiti a makon farko na Nuwamba, mace, kilo 3.1. An duba fatarta, hancinta, cikinta da gaɓoɓinta, ba a ga alamar cutar ba, aka ci gaba da duba ta a ranakun rigakafi.

Ƙurajen bakin kaciya suna nan. A zuwansa na Disamba ya sake tambaya ko za a iya cire su. Aka ce ana iya yi a wajen likitan fata da na'ura, don kwalliya kawai, kuma yana iya barin tabo a kan wanda ya riga ya yi wa kansa. Ya ce a bar su.

Abin da lamarin ya nuna

Ma'aunin da wannan bawan Allah ya yi amfani da shi, shi ne wanda mafi yawan mazanmu ke amfani da shi: abin da ya ƙi tafiya shi ne cuta, abin da ya tafi an rabu da shi, abin da ba ya zafi kuma yana iya jira. A fatar gaba wannan ma'auni yana kifar da mutum. Abin da ya zauna shekara goma sha biyar bai canja ba shi ne mara illa, kuma a kansa kuɗi da fata suka tafi. Wanda ya zo ya wuce cikin mako shida shi ne ya shiga jini, ya kai ga mace mai ciki. Da amarya ba ta je awo ba, tabon tafin hannun ma da ya ɓace da kansa, cutar ta kwanta shiru na shekaru, kuma a wasu mutane takan farka ta taɓa zuciya, ƙwaƙwalwa ko ido. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta manya miliyan 8 sun kamu da tunjere a 2022, cutar da allura ɗaya ke kashewa idan an kama ta da wuri.

Ban ɗora laifin kan kunya kaɗai ba. Mutumin ya nemi taimako har sau huɗu kafin Yuni, ya biya kuɗi kowane karo. A duka huɗun babu wanda ya ce a gani. Masu jiƙo ba su da abin dubawa, wannan an sani. Mai kemis ne ya fi ba ni takaici, domin tambaya ɗaya, "a ina ne, kuma yana zafi?", da kalma ɗaya, "je asibiti a gwada jininka", da sun rage wata huɗu. Warkewar gyambon a kan lokacinsa kuma ta ba maganin da bai yi komai ba shaidar da bai cancanta ba. Abin da ya yi aiki abubuwa ne marasa tsada: gwajin awo, ɗaki mai ƙofa, ido a kan fata, allurar da ta dace, da yayan da ya kawo ƙanensa bai tsaya yi masa shari'a ba.

Namijin da ya ga ƙananan ƙuraje masu girma ɗaya a jere a bakin kaciya, waɗanda ya daɗe da su ba su canja ba, zuwa ɗaya wajen likita ya ishe shi ya ji da kunnensa cewa halitta ce, kuma kada ya ɗiga musu komai. Wanda ba ya jira shi ne sabon abu: gyambo ko da ɗaya ne, ko da ba ya zafi, ko da ya riga ya rufe, ƙurjin da ya fito cikin wata uku bayan saduwa da wata sabuwa, tsiron da ke ƙaruwa ko yaɗuwa, duk wani ƙurji a gaba da ya haɗu da kaluluwa, zazzaɓi ko tabo a tafin hannu da ƙafa. Idan matar mutum tana da ciki, maganar ta zama ta wannan makon. Ga dattijo kuma, kumburi mai tauri ko gyambon da ya wuce wata bai warke ba, ko yake zubar da jini, yana buƙatar a yanki ɗan nama a gwada, domin sankarar azzakari, duk da ba ta da yawa, takan fara ba tare da zafi ba.

Mutum ɗaya ba a kai gare ta ba a wannan lamari, wato matar da ya sadu da ita a Janairu. Ba shi da lambarta, bai san cikakken sunanta ba. An roƙe shi idan ya koma garin a kakar albasa ta gaba ya neme ta ya gaya mata ta je a gwada jininta, ya ce zai gwada. Gwajinsa na wata goma sha biyu an sa shi a Yunin 2025.